Kafin a saida bijimi saboda allura



A ƙasar nan tamu kowa ya san yaron da bai zauna da wuri ba, bai yi rarrafe ba, in an tsaida shi ƙafafunsa su harɗe kamar almakashi, hannu ɗaya kullum a dunƙule. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu su ce inna ce ta sha shi, wasu ma su kira shi ɗan ruwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yaron nan yana girma. Yana yin gemu, yana yin furfura. Yarinyar da aka goya har ta kai shekara 7, yau ita ce tsohuwar da ke zaune bakin zaure. Uwar da ta goya ta ta rasu, jikin kuma ya ƙara ɗaurewa.

Tun da muka taɓo maganar a shirinmu na lafiya, saƙonnin murya ba su tsaya ba. Mafi yawansu a kan abu ɗaya ne: wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, inda ake yi wa dattijo allura a hannu, sai a nuna shi daga baya yana buɗe yatsu. Tambaya uku ake mana: wai gaskiya ne? Ina ake samu? Nawa ne? Mu dai ba likitoci ba ne, aikinmu magana ce a radiyo. Amma mun zauna da ma'aikatan lafiya, mun karanta abin da ke rubuce game da allurar, kuma maganar ta shafi gidanmu. A taƙaice, allurar gaskiya ce, tana da amfani, sai dai aikinta ƙarami ne kuma na ɗan lokaci. Duk gidan da ke shirin fidda dabba saboda ita, ya kamata ya san iyakar abin da zai saya.

Bari mu fara da ciwon kansa. A karnen asibiti likitoci kan rubuta IMC. Rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarunsa na farko, daidai wurin da ke ba gaɓoɓi umurnin motsi. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa. A duniya, cikin jarirai 1000 ana samun 2 zuwa 3 da shi, kuma kusan 8 cikin 10 daga cikinsu suna da irin wanda tsoka ke ƙagewa. Alamar ƙagewa a fili take: in ka ja hannun da sauri sai ya cije, in ka bi shi sannu a hankali sai ya ɗan saki. Da yawa daga cikin masu wannan lalura hankalinsu garau yake. Maganar ce ke fita da wuya, sai mutane su ɗauka ba sa fahimta, har a riƙa zancensu a gabansu kamar ba sa nan.

Abubuwan da ke kawo shi ba baƙi ba ne a wurinmu. Akwai doguwar naƙuda a gida har jariri ya fito bai yi kuka ba. Akwai bakwaini. Akwai shawara mai tsanani a makon farko, wadda idon jariri da fatarsa ke yin ɗorawa. Akwai palu mai hawa kai, da sanƙarau irin wanda jiharmu ta sake gani a 2022 da 2023. Tun a 1861 wani likitan Ingila mai suna William Little ya bayyana cewa wahalar haihuwa na iya barin yaro da sandararrun gaɓoɓi. To ku lissafa da kanku: shekara 50 ko 60 da suka wuce, mace nawa ce a ƙauyukan Tarka, Tenhiya ko Falanko ta haihu kusa da likita? Yaran da suka tsira a lokacin, su ne dattawan da muke magana a kai.

A nan dan Allah a kula da wani bambanci. Shan inna daban, wannan daban. Ƙafar mai shan inna saɓa-saɓa take, siririya, ba ƙarfi. Ƙafar mai IMC kuwa a ɗaure take, tsokar na ja ba hutawa. Allurar da muke magana aikinta rage ƙarfin tsoka ne. Ke nan ba ta da abin da za ta yi wa ƙafar da dama ba ta da ƙarfi, sai dai ta ƙara ta'azzara ta.

To in raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, me ya sa jikin ke ƙara lalacewa da shekaru? Saboda jikin ya yi shekara 40 ko 50 yana aiki a karkace. Mai wannan lalura kan kashe ƙarfi ninki 3 ko fiye kafin ya yi tafiyar da wani zai yi cikin sauƙi. Gwiwa da ƙugu da baya suna cinyewa da wuri. Tsokar da ta daɗe a ƙage tana gajarta. Binciken da likitoci suka tattara ya nuna kusan mutum 1 cikin 4 na masu iya tafiya, tafiyar kan ja baya tun kafin tsufa ya zo. Sai ciwon jiki, sai gajiya, sai faɗuwa. A nan Damargu a ƙara da rairayi mai cin ƙafa, da zaman tabarma, da nisan rijiya. A ƙara kuma da babbar asara, wato ranar da uwa ta kwanta dama. Ita ce ta san yadda ake miƙa ƙafar, ta san ma'anar kowane nishi. In ta tafi, sai riƙon ya faɗa hannun matar ƙane ko ƴar ƴar uwa, wadda ba wanda ya taɓa koya mata komai.

Mu a gidanmu muna da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a ƙauyenmu na yankin Gangara. Ta haura shekara 55. Mun tashi mun tarar tana tafiya bisa yatsun ƙafa da sanda, tana saida gyaɗa da goro a ƙofar gida, lissafinta ba ya kuskure ko na dala ɗaya. Rabin yaran gidan a cinyarta suka yi barcin rana. Bayan rasuwar Kaka ne abubuwa suka fara sakewa. Tafiyar ta ragu daga ƙofar gida zuwa bakin ɗaki. Hannun hagu ya dunƙule har farce na shiga tafin hannu, da zafi ya shigo wurin ya yi gyambo yana wari. Gwiwoyi suka matse da juna, wanka da kama ruwa suka zama yaƙi tsakaninta da mai taimakonta. Da dare ƙafafun su riƙa fizga har gari ya waye.

Yayanmu da ke aiki a Sabha ne ya turo bidiyon nan, da saƙo a kai: “A saida san nan a kai Gwaggo, ko Yamai ne ko Kano. In kuɗin bai kai ba ni zan cika.” Da aka kunna mata ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: “Ku yaran nan, in an saida san, wa zai ja amalanken ruwa? Ni ban ce muku ina son gudu ba. Hannun nan nake so ya buɗe in wanke shi, in yi alwala kamar kowa. In kuma samu barci.” Daga baya da muka je gaban masana, muka tarar abin da Gwaggo ta faɗa shi ne tambayar farko da likitan kirki ke yi kafin ya taɓa allurar: mene ne takamaimai kuke so ya gyaru?

Yanzu ita allurar, mece ce? Sunanta toxine botulique, kuma asalinta dafi ne, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum ke fidda shi. Wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ƙwayar bayan naman da aka adana ya kwantar da mutane ya kashe 3 a wani gari na ƙasarsu a 1895. Dafin nan ne kuma ke kwantar da shanun da ke tauna ƙasusuwan mushe da rani, abin da makiyayan yankin Ferlo a Senegal suka sha fama da shi. Wani likitan ido na Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ɗan ƙanƙanin awo a tsokar ido don gyara harara-garke, aka amince da maganin a can a 1989. A 1993 likita Andrew Koman da abokan aikinsa suka ba da rahoton amfani da shi ga yara masu IMC. A 2010 aka amince da shi a Amurka don ƙagewar hannu ga manya. A kasuwa sunayensa da aka fi sani su ne Botox, Dysport da Xeomin. E, shi ne wanda masu kuɗi ke yi a fuska don ɓoye tamoji, amma awo da wurin yi ba ɗaya ba ne.

Yadda take aiki, mu ƴan radiyo abin bai mana wuyar ganewa ba. Ƙwaƙwalwa ita ce tasha, jijiya ita ce layin da saƙo ke bi, tsoka ita ce akwatin radiyo. A jikin mai IMC tashar ce ta samu matsala, tana aiko da “ja, ja, ja” ba tsayawa. Allurar tana zuwa bakin jijiya ta toshe sinadarin da ke miƙa saƙon ga tsoka. Wato an rage muryar akwati ɗaya ne, tashar tana nan yadda take. Ba a ganin sauyi a ranar. Sai bayan ƴan kwanaki ake fara ji, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen wata ɗaya, sannan bayan wata 3 zuwa 4 jijiyar ta farfaɗo, ƙagewar ta dawo. Ba a maimaita ta kafin mako 12. Waɗannan watanni dama ce da aka buɗe don a miƙe tsokar kullum, a sa abin tallafe gaɓa, a koyi sabon motsi. In an yi allura aka koma gida aka zauna, to kuɗin sun bi iska.

Ga dattijo, amfanin da likitoci ke nema yawanci ƙanana ne a ido, manya a rayuwa: hannu ya buɗe a wanke a yanke farce, hamata ta ɗagu a sa riga, cinyoyi su rabu a yi tsarki, ciwo ya ragu a yi barci, zama a keke ya yi daidai. Wanda ya yi shekara 20 bai taka ba, allura ba za ta tashe shi ba. Akwai kuma gaɓar da ta riga ta ƙandare: tsoka da agara sun gajarta, gaɓar ta riƙe, ko mutum na barci ba ta miƙewa. Irin wannan allura ba ta buɗe ta, sai dai a yi maganar tiyata in ta cancanta. Wani abin mamaki ma shi ne, akwai dattawan da da ƙagewar nan suke tsayuwa, ita ce ta zame musu sanda. A sassauta musu cinya ba lissafi, sai mutumin da ke iya tashi ya kama bango ya koma sai an ɗauke shi.

Haɗari kuma akwai shi. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta babban gargaɗi a jikin kwalin: dafin na iya barin wurin da aka sa shi ya bazu, ya kawo kasala, faɗuwar fatar ido, wuyar haɗiya, har wuyar numfashi. Wanda ya fi shiga haɗarin shi ne mai ƙwarewa in yana cin abinci ko shan ruwa, da mai ciwon ƙirji, kuma da yawan dattawanmu masu IMC haka suke. Wasu magungunan ma suna ƙara wa dafin ƙarfi, irin su gentamicine da ake yawan yi wa mutane allurarsa a nan. Shi ya sa dole likita ya san duk abin da mutum ke sha. Awon Botox kuma ba shi ne awon Dysport ba, wanda ya haɗa lissafinsu zai iya yin kisa.

To mu zo ga lissafin Damargu. Wannan ba aikin majo ba ne a CSI. Aikin likitan jijiya ne ko likitan gyaran motsin jiki, wanda ya san wace tsoka ce cikin tsokoki da yawa ke ja, sau da yawa ma sai da ekografi ko na'urar da ke motsa tsoka kafin ya soka. Irin waɗannan likitoci a manyan asibitocin birane ake nemansu. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, ta Sabon Kafi da Bakin Birji. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900, zuwa Kano kusan 250. Wanda ya fito daga ƙauyen Tarka sai ya fara da amalanke ko kabu-kabu cikin rairayi, da mutumin da gwiwarsa ba ta lanƙwasa yadda kujerar mota ke so. Botox da Dysport a firijo ake ajiye su, tsakanin awo 2 da 8 na sanyi. Xeomin na jure zafin ɗaki har awo 25, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40.

Sai kuɗi. A Amurka kwalba ɗaya ta Botox mai awo 100 ta haura dalar Amurka 600, sama da jika 300 ke nan na sefa. Babban mutum mai ƙagewa a hannu da ƙafafu na iya buƙatar kwalba 2, 3, har 4 a zama ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, wato kwalba ɗaya ta ci albashin sama da wata 7. Kuma ba sau ɗaya ba ne, sau 3 ko 4 ne a shekara, ban da kuɗin mota, masauki da abincin ɗan rakiya. Bijimi ɗaya ake saidawa, amma ƙagewar kowane wata 4 take dawowa. Wanda Allah ya hore masa, ko yake da ƴaƴa a waje da za su ɗauki nauyin shekara da shekaru, ba mu ce kada ya nema ba. Muna cewa ne a yi lissafin zagaye na biyu da na uku tun kafin a fita na farko.

Inda buƙata ta yi yawa, kuɗi suka yi kaɗan, nan ƴan damfara ke shigowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2022 OMS ta fidda gargaɗi a kan jabun Dysport da aka kama a ƙasashe da dama, a 2024 kuma mutane sun kwanta asibiti a Amurka saboda jabun Botox. In haka ta faru inda ake da tsaro, ina ga kwalbar da ta ƙetaro Sahara cikin jakar direba? Duk wanda ya zo muku ranar kasuwa da jaka ya ce yana da “allurar sakin jijiya” a jika 5 ko 10, ku tashi ku ba shi wuri. Ko dai ruwa ne, ko wani magani daban, ko kuma abin da ya fi haka muni. Mun riga mun san yaran da allurar kinin a ɗuwawu ta taɓa musu jijiya suka tashi da jan ƙafa. Haka nan tramol da ƙwayoyin sa barci na masu talla: suna kwantar da tsoho ya yi shiru, gida ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali ƙara masa faɗuwa da ƙwarewa suke yi.

Akwai wasu hanyoyin da ya kamata a tambayi likita a kansu. Akwai allurar phénol ko ta alkol da ake yi wa jijiyar kanta, musamman mai matse cinyoyi da mai lanƙwasa gwiwar hannu. Tana da araha sosai, tana kuma daɗewa fiye da waccan, sai dai tana da zafi, takan bar raɗaɗi, kuma ita ma sai ƙwararre. Akwai ƙwaya irin baclofène mai sassauta jiki gaba ɗaya, wadda ake farawa da kaɗan, ana lura da ƙodar tsoho, kuma ba a daina ta rana ɗaya don hakan na iya kawo farfaɗiya. Akwai aikin kine, masu motsa gaɓoɓi, da masu ƙera abin tallafe hannu da ƙafa, sanda da keke. Babban asibitin ƙasa na Damagaram na da wannan sashe, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano da mutanenmu suka daɗe suna zuwa.

Sannan ga abin da ba ya cin ko dala. Ƙagewa takan tashi ne in wani abu na damun jiki: ciwon fitsari, taurin bayan gida, gyambon kwanciya, farcen da ya shige nama, matsattsen takalmi, ko sanyin hunturu. Sau da yawa in an magance wannan sai jikin ya lafa da kansa. A miƙa gaɓa kullum safe da yamma, a hankali, a riƙe ta a miƙe na ɗan lokaci, ba fizga ba, an fi jin daɗi bayan wanka da ruwan ɗumi. Wanda ba ya iya juyawa a riƙa juya shi duk bayan awa 2. A sa matashi tsakanin gwiwoyi da dare. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi fura ko kunu. Kada a yi tsaga, kada a yi lalas, kada a ba mai ɗori ya murɗe gaɓar da ƙarfi, ƙashin wanda ya daɗe bai taka ba saurin karyewa gare shi. In kuma tafiya ta lalace cikin ƴan makonni, hannuwa suka fara mutuwa, fitsari ya fara kufcewa, kada a ce ai ciwonsa ne na da. Yana iya zama ƙashin wuya ne ke danne laka. In ɓari ɗaya ne ya saki farat ɗaya ko baki ya karkace, a yi asibiti a ranar.

Gwaggo dai mun kai ta birni. Da aka duba, aka ce yatsu biyu sun riga sun ƙandare, sauran kuma suna saki in an bi su a hankali. Aka yi maganin gyambon, aka gano tana da ciwon fitsari aka ba ta magani, aka yi mata abin tallafe hannu da take sawa da dare. Kine ya zaunar da matar ƙanenmu, wadda ke kula da ita, ya koya mata miƙa hannun da cinyoyin har ta iya. Hannun bai buɗe duka ba, amma ruwa da sabulu suna shiga, warin ya tafi, fizgar dare ta ragu. Maganar allura ba a rufe ta ba, an bar ta ga likitan jijiya, kuma Yaya yana tara abin da ya samu. San yana nan yana jan ruwa.

Ga hukumomi kuma muna da magana. Tun 2006 ake kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A Yamai akwai asibitin CURE da aka buɗe a 2010 don yi wa yara masu naƙasa tiyata. Daga Satumban 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Duk mun yaba. Amma mai IMC da ya kai shekara 50, layin wa zai bi? Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka a kansu a Disamban 2019. Abin da muke roƙo bai kai kuɗin kwalba goma ba. Komin-komin na Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka su ƙirga dattawan nan, a san yawansu da inda suke. A samu kine da zai riƙa zagayowa Tanut da Belbeji da ranar da kowa ya sani. A koya wa ma'aikatan CSI da matan da ke riƙon waɗannan bayin Allah yadda ake miƙa gaɓa da kare gyambo. Bikin 3 ga Disamba na ranar naƙasassu ya riƙa barin wani abu a ƙasa bayan an naɗe tabarmi. Mu kuma a gida, mai naƙuda a kai ta likita da wuri, jaririn da idonsa ya yi ɗorawa kada ya kwana a gida.

Wanda ya yanke shawarar neman allurar, ga tambayoyin da zai riƙe a gaban likita. Gaɓar nan ƙagewa ce ko ta riga ta ƙandare? Wace tsoka za a yi wa, kuma wane sauyi za mu gani? Kwalba nawa, kuma nawa ne kuɗin shekara gaba ɗaya? Wa zai riƙa motsa gaɓar bayan mun koma ƙauye? In haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ina za mu nufa? Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin ko ɗaya ba. Kafin duk wannan kuma, a zauna da mai jikin a tambaye shi abin da ya fi damunsa, a ba shi lokaci ya gama magana ko da tana fita da wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wanda ke da waya, ya karanta wa wanda ba shi da ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu riƙonsu da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.